Mai zaman kanta a Bradford

Takardar farko da ta iso da sunana a birnin Bradford na ƙasar Ingila ta harajin gida ce, wanda ƙaramar hukuma ke karɓa. A ciki aka ce idan baligi shi kaɗai ne a gida, za a rage masa kashi 25 cikin ɗari. Na zauna a bakin gado ina ta dariya. A Kano in aka ce wance "mai zaman kanta" ce, kowa ya san inda maganar ta dosa. Ga ni nan hukuma na yi mini rangwame saboda zaman kaina.

Shekarata 33 da na taso, a ƙarshen 2022, da bizar ma'aikatan lafiya. Na yi shekara tara ina aikin jinya a gida, ina ɗaukar albashi, amma ban taɓa kwana a ɗakin da ni na biya hayarsa ba. Sau ɗaya na gwada nema kusa da wurin aiki saboda wahalar aikin dare. Dillalin ya ce, "Hajiya, ina maigidan?" Da na ce babu, nan take ya tuna wai an riga an kama gidan. Ban bari Baba ya ji ba. A nan Bradford kuwa takardar albashi aka nema, da kuɗin ajiya na hayar sati biyar, aka miƙo mini mukulli.

Murnar ba ta kai wata guda ba. A Disamba kafin ƙarfe huɗu an yi magariba. In dawo daga aikin awa goma sha biyu, in buɗe ƙofa, babu mai cewa sannu da zuwa, ko mai faɗa ma babu. Har gorin gwaggonnina na yi kewa, Allah ya sani. Ranar da aka ba ni fom a wurin aiki in rubuta wanda za a kira idan wani abu ya same ni, na daɗe riƙe da biro. Duk wanda zan rubuta sai ya nemi biza kafin ya zo.

Wadda ta cike gurbin nan wata 'yar Zimbabuwe ce da muke ɓangare ɗaya, ta girme ni da shekara goma, ita ma ba aure. Ta karɓi takardar ta rubuta lambarta, ko tambayata ba ta yi ba. Ita ta haɗa ni da wata 'yar Kerala ta ƙasar Indiya, daga baya muka tsinci wata bazawara 'yar Jos a wurin sayen naman halal a Leeds Road, na ji tana waya da Hausa na riƙe mata mayafi kamar na ga 'yar ɗakinmu. Da na kawo maganar adashi ina ta kame-kamen yadda zan yi bayani, sai suka fashe da dariya: a Zimbabuwe mukando suke ce masa, a Kerala chitty. Fam 200 kowacce take zubawa a wata. Kwasata ta farko da ita na canja wa su Umma kwanon rufi kafin damina.

Tun daga rufin nan na lura da wani abu. Da can in ana shawarar gida, daga kicin nake jin abin da aka yanke. Yanzu Yaya kan kira ni ta WhatsApp ya ce, "Bari mu ji ta bakinki tukuna." Ina jin daɗi, amma ba na ruɗin kaina. Hankalin da nake da shi yau shi nake da shi a Kano, fam ce kawai babu a lokacin.

Tambayar aure kuwa ta riga ni sauka Ingila. Dattijan matan Pakistan da nake haɗuwa da su a masallaci, gaisuwa biyu ta uku sai, "Ina mijinki?" Umma ma ba ta ajiye waya sai ta ce, "Allah ya kawo nagari." Nakan ce amin har zuciyata, don ban ƙi aure ba. Abin da na daina shi ne ɗage rayuwata sai ya zo. Na sayi tukwanen da nake so ban jira kayan ɗaki ba.

A watan Fabrairun bana mura mai zafi ta kwantar da ni kwana huɗu. 'Yar Zimbabuwen, wadda mukullina na biyu ke hannunta, ta shigo da miyar kaza, ta tarar Umma na kira. Na haɗa su. Umma ba ta jin Turanci, ita ba ta jin Hausa, ni ce tafinta da toshewar hanci. Umma ta ce, "Faɗa mata na ba ta amanarki." Na faɗa. Ita kuma ta ce in tambayi Umma me ake sa mini a kunu, don ta ga ba na cin komai.