Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Hannuwana da Gwiwoyin Mma

Makon jiya na tsaya a inda na buɗe shagon ɗinki a unguwar Aboabo da ke Kumasi. A wannan shekarar ce yatsuna suka fara yi min gardama. Da asuba in na tashi alwala sai in tarar hannuwana biyu sun sandare, ko buta ba na iya riƙewa, sai hantsi ya ɗaga kafin su saki. Wuyan hannu da gaɓoɓin yatsu suka kumbura, dama da hagu lokaci guda, in an taɓa da ɗumi. Almakashi ya gagare ni, ga gajiyar da barci ba ya kawar da ita.

Mma, mahaifiyata, ta ce, "Gado ne, 'yar nan. Dubi gwiwoyina." Ita kuwa ta kwashe shekaru tsaye a kan tukunyar shinkafa da wake, tana ɗauko kaya a ka daga kasuwar Kejetia, ga ta da jiki. Gwiwarta har ƙara take yi in za ta ɗago daga sujada. Muka zama abokan magani. Wani mai talla ya sayar mana da haɗi a gora, ciwo ya lafa, amma fuskokinmu suka yi suntum. Daga baya likita ta ce alama ce ta an cusa wa haɗin maganin sitiroyid, wanda in an daɗe ana sha yake ta da suga da hawan jini, ya kuma raunana ƙashi. Har yau in na ga irin waɗannan goruna a tasha raina ɓaci yake yi.

A asibitin Komfo Anokye aka raba mana hanya. Na Mma zaizayewar guringuntsi ne. Guringuntsin da ke lulluɓe kan ƙashi ya cinye kamar dunduniyar tsohon takalmi, saboda shekaru da nauyi da wahala, har ƙashi ya kusa gugar ƙashi. Shi ya sa nata ke tsananta da yamma bayan ta wuni a tsaye, sandarewar safiya kuma ba ta wuce minti 30. Aka ce ta rage nauyi, ta ƙarfafa naman cinya da motsa jiki, ta shafa man diklofenak, ta kuma bar haɗiyar ƙwayoyin kashe zafi kullum don suna cin ciki da ƙoda. In abin ya ƙi, akwai aikin sauya gwiwa.

Nawa daban ne, shi ake kira rumatoyid. Garkuwar jikina ce ta juyo tana yaƙar siririn rufin da ke cikin gaɓa. Rufin ya kumbura, ya yi kauri, in an bar shi ya ci guringuntsi da ƙashi, yatsu su karkace. Yana iya taɓa huhu da ido da zuciya, kuma ya fi kama mata, ninki 2 zuwa 3. Ɓarnar da ya riga ya yi ba ta komawa, don haka watannin farko ne ke da tsada. Na san 'yan mata a zango da hannuwansu suka nakasa suna zagaye gidajen masu magani, ana ce musu jifa ne. Wannan yana ci min rai ƙwarai.

Bayan gwajin jini aka ɗora ni a kan maganin metotireksat, sau ɗaya a mako. Likitar ta maimaita: "Hajiya, sau ɗaya a mako, ba kullum ba." Ta haɗa min da folik asid, ta ce sai an yi makonni kafin in ga sauƙi, kuma za a riƙa duba jinina da hantata. Sannan ta ajiye biro ta dube ni ta ce kada in kuskura in ɗauki ciki ina shan sa, domin yana illata jariri.

A lokacin shekarunmu sun ja da maigidana ba haihuwa, dangin miji kuma sun fara magana. Yadda muka kwashe da shi a daren nan, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.