Kwana biyu da muka buɗe soron kakanmu ga baƙi

Gidanmu na gado yana wani ƙauye ne a gefen Kura, a kan hanyar Kano zuwa Zariya. Ginin ƙasa ne, zaure biyu da soro mai bene, ga zankwaye a kusurwoyinsa. A duk unguwar shi kaɗai ya rage a tsaye. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, noman rani ya kawo kuɗin shinkafa da tumatir, maƙwabta suka yi ta rushe nasu suna tayar da na bulo da kwano. Namu ya tsira ne don magada sun yi yawa, an kasa haɗa baki a kan a sayar ko a rushe. Ga kuma Gwaggo, yayar babanmu, wadda ta ce ɗakin da aka yanke mata cibi a ciki ba ta barinsa sai ranar da aka ɗauke ta a makara.

Bara da kaka wasu samarin yankin suka same ni a makarantar da nake koyarwa a birni. Sun shirya wata Asabar da Lahadi da kowane mai sana'a zai buɗe wurin aikinsa mutane su zo su gani: marina a karofi, masaƙa, mabuga, maƙera, dukawa, da yaran da ke zane da fenti. Abin ya dace da Kura, garin turkudi da rawani ɗan Kura, wanda Buzaye ke saye har can Agadas. Abin da suka rasa shi ne tsohon gida da za a rataye zane-zane a ciki, baƙi kuma su ga irin ginin da kakanni suka zauna. Nan take na ce na amince, ban tuntuɓi kowa ba. Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma shi ya fi cin lokaci wajen gyara.

Da na je gaida Baffa, wanda shi ne babba a gidan yanzu, na tarar labari ya riga ni. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka Uwata yake ce mini. Bayan mun gaisa ya yi shiru, can ya ce, "Uwata, gidan da mata ke ciki za a mayar kasuwa?" Na ce, "Baffa, a yi haƙuri, na yi gaggawa." Ya ce, "Gaggawa kam kin yi. Gidan nan ba naki ba ne, ba nawa ba ne. Ki je ki ji ta bakin kowa."

Mako uku na yi ina bin dangi, wasu ta waya, wasu da ƙafa. Akwai masu zargin share fagen sayarwa ake yi. Akwai masu tsoron hukuma ta gani ta ce ya zama kayan tarihi ta karɓe. A ƙarshe aka zauna a zaure aka gindaya sharuɗɗa: maza iyakarsu zaure na biyu da soro, mata na iya shiga cikin gida idan Gwaggo ta yarda, ba a ɗaukar hoton matan gida, duk abin da aka samu na kuɗi a rubuta, a karanta a gaban kowa. Sai bayan nan Baffa ya jagoranci samarin zuwa wurin dagaci aka nemi izini. A da ina ganin sharuɗɗan za su rage armashin abin. Daga baya na gane tsarin da gidan kansa ya zo da shi ne: tun ranar da aka gina shi, zaure na baƙo ne, kuma ƙofar zaure na farko ba ta kallon ta na biyu, don kada idon mai wucewa ya kai tsakar gida.

Baffa ne ya ce kafin ƙafar baƙo ta taka soron sai magini ya duba. Aka kira wani dattijo da ya gaji ginin ƙasa wurin mahaifinsa, duk muna ce masa Baba. Ya tuɓe takalmi ya hau bene, yana takawa a hankali yana saurare, yana ƙwanƙwasa bango da bayan yatsa. Da ya sauko sai ya nufi fuskar gidan ta waje, inda aka shafe da siminti shekarun baya da niyyar kare ta daga ruwa. Ya buga, ta yi ƙara irin ta ƙwaryar da ba komai a ciki. Ya ce, "Kin ji ko? Ƙasa tana shan ruwa tana fitarwa. Siminti ya toshe mata hanci. Danshi ya shiga ya rasa hanyar fita, ya cinye bangon ta ciki." Ya sa aka ɓamɓare, muka ga yadda tubalan suka rududduge a baya. Ranar jikina ya yi sanyi, don da hannunmu muka yi wa gidan wannan lahani muna zaton gata muke yi masa.

A makonni biyar da ya yi yana aiki na koyi abin da ban koya ba a duk shekarun da na yi ina shiga gidan ina fita. Ya nuna mini azara, wadda ake tsagawa daga giginya, gara ba ta cika cin ta ba, amma ba ta ɗaukar nauyi idan tazara ta wuce kamu huɗu ko kusa da haka. Shi ya sa idan ana son ɗaki mai faɗi sai a yi bakan gizo: a riƙa jera azara ana ɗaurewa, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, daga bango biyu har su haɗu a sama, sannan a lulluɓe da ƙasa. Inda bakunan suka sarƙe a tsakiyar rufin soronmu, wato ɗaurin guga, akwai tasa da aka manna tun asali. Tun ina yarinya nake ganinta, ban taɓa tambayar abin da ke riƙe da ita ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne laso, shafen da ake yi wa rufi da bakin indararo don kada ruwa ya ratsa. Da katsi ake haɗa shi, wato abin da ke kwantawa a ƙasan rijiyar rini, a cakuɗa da gashin da majema suka kankare daga fata da kuma dafara, wani tsiro mai yauƙi. Makuba kuwa, wadda ake yi wa daɓe da bango don su yi ƙarfi, daga ɓawon ɗorawa take. Ashe marini da majemi da magini duk hannunsu na cikin rufin ɗaki ɗaya. Abin da wannan ya zubar shi wancan ke nema. Da karofi ya ragu, katsi ya yi wuya, laso ya yi tsada, sai mutane suka koma kwano. Mu ma sai da Baba ya bi marina biyu kafin ya tara abin da ya isa. Kafin ya tafi ya kafa doka: bene kada ya wuce mutum biyar a lokaci ɗaya, kuma ba a tsalle ba a gudu.

Daɓen zaure mata ne suka yi. Gwaggo ta aika gida-gida, aka zo da madaɓai, aka yayyafa ruwan makuba, aka yi ta bugu ana waƙa har la'asar. 'Yan matan da suka zo kallo ba su san amshi ba, kafin a tashi sun iya.

Ana gobe buɗewa na rubuta a babban kwali cewa gidan ya shekara 300, don haka na taso ina ji a bakin 'yan uwa. Na karanta wa Gwaggo. Ta ce, "Wa ya gaya miki? Babana ya ce shekarar da jirgin ƙasa ya iso Kano mahaifinsa ya rufe soron nan, da ribar fataucin turkudi." Jirgi ya iso Kano a 1911. Ke nan gidan bai daɗe da haura shekara 110 ba. Na so in bar kwalin yadda yake, don 300 ta fi cika kunne, amma na yage na sake rubutawa, na sa har da bakin wanda na ji. Washegari wani malamin zanen gine-gine ya zo da ɗalibansa daga Zariya, garin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a a zamanin Sarki Abdulkarimu. Ya tsaya ya karanta kwalin, ya sa ɗalibansa su kwafe, ya nemi izinin Baffa wata ɗalibarsa ta shiga ta yi wa Gwaggo tambayoyi. Da 300 ɗin na bari, da ƙarya ta shiga littattafan yara ta hannuna.

Kafin ranar na je Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano na ga yadda ake jera kaya, na dawo na shirya tebur a zaure na biyu: akushi, adudu, tsohon ɗan bugu, sirdin doki, tasoshin jeren kakarmu, kowanne da 'yar takardarsa. Dare biyu na yi a kan wannan. Mutane sun duba, amma ba su daɗe a wurin ba. Inda suka yi cincirindo shi ne ƙofar gida, wurin da Baba ya zauna da kwaɓaɓɓiyar ƙasa yana mulmula tubali, yana miƙa wa yara su gwada. Mata kuwa suna shiga ciki sai su zauna gaban Gwaggo, tana kaɗi da mazari, tana shafa alli a yatsa, tana ba da labarin yadda ake sayar da zare ga masaƙa ta hannun yara 'yan talla. Wasu sun fi awa ba su tashi ba. Ranar Lahadi sai na kwashe rabin kayan teburin na kai wa Gwaggo, ta riƙa ɗauka tana faɗin na wane ne da abin da ake yi da shi.

Na zaci 'yan birni ne za su cika gidan. Sun zo, amma mafi yawa mutanen ƙauyen ne da na kewaye. Akwai yara da aka haifa a unguwar waɗanda ba su taɓa shiga soro ba. Da rana ta take, sai ka ga mutum ya shigo yana gumi, ya tsaya cak, ya dafa bango ya ce, "Kai, sanyi kamar randa." Wani dattijo maƙwabcinmu, wanda ya rushe nasa shekarun baya, ya zauna a ƙarƙashin bakan gizo tun bayan azahar har aka kira la'asar, bai yi magana da kowa ba. Da zai fita ya riƙe hannun Baffa ya ce, "Alhaji, kada ku bari."

Ba a rasa ɓarna ba. Tun da safen Asabar wani yaro mai zane ya kafa ƙusa don ya rataye aikinsa, wani yanki na adon dagi da ke jikin bangon zaure ya ɓalle ya faɗo. Laifina ne, ban gaya musu ba. Muka koma ɗaura igiya a jikin azara muna sagale zanen. Takalma masu tsini sun huhhuda sabon daɓe kafin mu sa yaro a bakin ƙofa yana roƙon a tuɓe. Ban tanadi wurin alwala da makewayi na baƙi ba, sai maƙwabta ne suka rufa mana asiri. Wata ƙaramar tasa ta yi ɓatan dabo, kuma da yake ban rubuta kayan ɗaya bayan ɗaya ba kafin a fito da su, sai da Gwaggo ta ƙirga da daddare muka sani. Wani kuma ya taya tsohon ƙyauren zaure da kuɗi masu kauri, har wani ɗan uwanmu ya fara sauraronsa, Baffa ya ce ko ƙusar gidan ba ta sayarwa ba ce.

Wanda ya fi tayar da hankali shi ne bidiyo. Wata baƙuwa ta ɗauki matan gida suna tuƙa tuwo ta sa a TikTok, kafin magariba ya zagayo wayar wani ɗan Baffa. Baffa ya ce gobe ba za a buɗe ba. Na nemo lambarta ta wurin samarin, na roƙe ta, ta ba da haƙuri ta goge. Na koma na durƙusa gaban Baffa na ce daga yanzu duk mai shiga ciki sai ta ajiye wayarta a faifai a hannun ƙanwata. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "To Uwata, amana ce a wuyanki." Ranar Lahadi babu wadda ta ƙi ajiyewa.

Ba mu sa kuɗin shiga ba. Ƙwarya muka ajiye a bakin zaure, mai niyya ya jefa. Matan gida suka sayar da zoɓo da kunun aya da gurasa, wannan nasu ne. Na ƙwarya kuwa an ƙirga a gaban magada daren Litinin, na karanta abin da aka kashe da abin da ya shigo. Bai mayar da kuɗin gyara ba, amma ya sayi azara takwas, kuma 'yan uwa biyu da a da suka fi kowa son a sayar suka ce su za su biya maginin baɗi. Samari biyu daga cikin masu shirya taron sun bi Baba, yanzu su ke kwaɓa masa ƙasa.

Da aka tambayi Baffa ko za a sake buɗewa, ya ce sai an fara yaɓe bangon gabas, don ta nan hadari ke tasowa, shi ruwa ya fi duka. Ranar da aka yi ruwan farko na daminar bana Gwaggo ta sa aka kira ni a waya, ina jin ƙarar indararo ta bayanta. Ta ce soro ko ɗigo bai yi ba, amma ƙaramin ɗakin da ke bayan rumbu yana yoyo, ta tara masa kwano. Na kira Baba na gaya masa, ya ce a rufe wurin da tabarma a danne da dutse, zai zo da yaransa da zarar an yanke gero.