Zangarniyar alkama ta azurfa: yadda ake ƙera ta ba ta koma shinkafa ba

A cikin abin wuya da 'yan kunne da maƙeran Yahudawa ke yi, siffar zangarniyar alkama na yawan fitowa, kuma da dalili. Attaura ta lissafa amfanin gona bakwai da aka yabi ƙasarsu da su, alkama ce a farko, sannan sha'ir, inabi, ɓaure, rumman, zaitun da dabino. Idinsu na Shabu'ot, wanda ke zuwa mako bakwai bayan Idin Ƙetarewa, wajen Mayu ko Yuni, bikin girbin alkama ne, a da can ma gurasa biyu ta sabuwar alkama ake kaiwa wurin ibada. Sha'ir kuwa shi ake fara girbewa, tun lokacin Idin Ƙetarewa. Saboda haka mai sayen da ya san al'adarsa ba ya ɗaukar alkama da sha'ir abu ɗaya, maƙerin farin da ya karɓi aikin ma bai kamata ya ɗauka ba.

Mu nan Zamfara samfur ba ya wuya. Wanda ke kusa da Talata Mafara ya nemi busasshiyar zangarniya daga masu noman rani na Bakolori wajen watan Maris, ya ajiye ta kusa da uwar maƙera. Zai ga ƙwayar alkama gajera ce mai ƙiba, da tsaga a cikinta, zangarniyar kuma a miƙe take, a cike. Sha'ir siriri ne, gashinsa dogo ƙwarai. Shinkafa kuwa kanta a sunkuye yake, ƙwayoyin a warwatse. Hannun da ya saba ganin shinkafar fadama, in bai lura ba, ita zai ƙera.

Don abin wuya mai tsawon milimita 45, a tanadi azurfa giram 5, ko da yake abin da zai fito bai fi giram 3 ba, saura na tafiya a yanka da guga. Azurfa 925 ta fi dacewa, wato kashi 92.5 azurfa, 7.5 jan ƙarfe. Tsantsar azurfa ta cika laushi, gashin zai lanƙwashe tun sawar farko. Masu narka liyari, tsohon kuɗin azurfa mai shekarar 1780, su sani azurfarsa kashi 83.3 ce, tana saurin yin duhu a wuta, ga jabu ya yi yawa a kasuwa.

Waya kauri uku za a ja: milimita 1.2 don kara, 1.5 don ƙwaya, 0.5 don gashi. Duk bayan an ja ta rami biyu ko uku a ƙarfen jan waya, a gasa wayar har ta yi ja kaɗan a cikin inuwa, in ba haka ba ta tsage.

Ƙwayoyin su ne aikin. A yanka waya mai 1.5 gunduwa 15, kowace milimita 6 daidai, a auna, kada a kintata. A haƙa ƙananan ramuka a jikin gawayi mai tauri, a sa gunduwa ɗaya a kowane rami, a ba ta wuta har ta dunƙule da kanta. Za ta fito kusan milimita 2.7. In an yi a kan gawayi mai santsi ba rami, sai su gangara su haɗe. Bayan sun huce, a riƙe kowace da ƙaramin awartaki, a bubbuga ta ana juyawa har ta kai milimita 4, baki ɗaya ya ɗan fi tsini. Sai a sa ƙaramin kurfi a tsakiya a buga sau ɗaya. Wannan tsagar ita ke sa mai kallo ya ce alkama ce tun daga nesa. A ganina wanda ya tsallake ta don sauri gara ya bar aikin.

Jeri bakwai hagu, bakwai dama, ɗaya a ƙoli. Kowace ƙwaya ta jingina da kara a karkace, kusan digiri 30, kanta ya ɗan hau gindin ta sama da ita. In sun buɗe da yawa sai abin ya koma ganyen dabino.

Wurin haɗi nan ne azurfa ke salwanta. Azurfar haɗi iri biyu ake so: mai tauri, azurfa kashi 3 da farar tagulla kashi 1, da mai saurin narkewa, kashi 2 da 1. Ƙwaya da kara ana haɗa su da mai tauri. Boras, sinadarin da ake shafawa a wurin haɗi don azurfar haɗin ta kama, yana kumfa idan ya ji zafi, kumfar kuwa tana ture ƙwayoyi daga wurinsu, shi ya sa ake danna su cikin gurbin da aka sassaƙa a gawayi, a busar da boras ɗin a hankali kafin a matso da wuta. Azurfar haɗin a yanka ta ƙanana kamar ƙwayar gero, ɗaya a gindin kowane jeri. In ta yi yawa sai ta malale ta cike tsakanin ƙwayoyi, zangarniya ta zama dunƙule guda, magagari kuma ba ya shiga wurin. Dalmar masu gyaran rediyo kada ta kusanci wannan aiki, tana cin azurfa idan ta ji wuta mai ƙarfi, ta bar ramuka.

Gashi shi ne ƙarshe, da mai saurin narkewa. Waya mai 0.5 ba ta jure wuta, kafin kara ya yi zafi ta riga ta dunƙule. Harshen wutar a kan kara ake ajiye shi, zafi ya bi ta jikin ƙwaya ya isa gashin. Tsawo kada ya wuce milimita 10 zuwa 12. Akwai kuma abin da ya shafi matanmu: gashi mai tsini yana kama gyale da leshi. A goge bakin kowane, ko a tattaro su sama a manne da zoben da sarƙa ke bi. Wannan na biyun ya fi ƙarko.

Wanki, a tafasa ruwa kofi ɗaya da alif cokali ɗaya a kwanon da ba na ƙarfe ba, a jiƙa aikin minti goma, a ɗauraye da ruwan kanwa kaɗan. Kada a tsoma awartakin ƙarfe a ruwan da aka daɗe ana aiki da shi, nan take azurfa za ta yi ja-ja saboda jan ƙarfen da ya narke a ciki. Da tsinken itace ake cirowa.

Mai son tsagar ta fito sosai ya rufe aikin a leda da dafaffen ƙwai mai zafi da aka farfasa, lungunan su yi baƙi, sannan ya goge saman da ƙyalle. In 'yan kunne ne, a rage jerin zuwa biyar-biyar, a lanƙwasa karan ɗaya hagu ɗaya dama, a kuma ɗora su a sikeli kafin a miƙa wa mai su.