Abin da aikin labo ya koya mini game da daskarewar jini

Duk wanda ya yi karatun likita a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ko ya koyi aikin labo, ya haddace zanen nan na daskarewar jini mai hanya biyu da ke haɗuwa a fakta X. Faktoci su ne furotin ɗin da ke daskarar da jini, yawancinsu da lamba ake kiran su. Zanen ya samo asali ne a 1964, lokacin da Macfarlane a Ingila, da Davie da Ratnoff a Amurka, suka bayyana daskarewar jini a matsayin jerin sinadarai, wannan ya tada wancan. Zanen ba ƙarya ba ne, amma abin da yake nunawa shi ne halin jini a cikin kwalbar gwaji. Babban darasin da na koya shi ne jini a jikin mutum yana da wani hali dabam, kuma kurakurai da yawa a nan Tahoua da sauran wurare suna zuwa ne daga haɗa su biyun a ɗauke su abu ɗaya.

A jiki ga yadda abin yake. Idan jijiya ta yanke, sai ta tsuke bakinta, kolajin, wani furotin mai kamar zare da ke ƙarƙashin fatarta ta ciki, ya bayyana. Faktar von Willebrand ta kama kolajin, ita kuma ta riƙe falaket da ke wucewa, wato ƙananan ƙwayoyin jini masu toshe rauni. Lafiyayyen mutum yana da falaket 150,000 zuwa 400,000 a kowace mikrolita, kowace tana rayuwa kwana 7 zuwa 10. A daidai lokacin, wani furotin da ke jikin naman da ke kewaye da jijiya, wanda ake kira faktar nama, yana haɗuwa da fakta VII, su biyun su tada fakta X da IX. Daga nan ake samun tirombin ɗan kaɗan, wanda bai isa ya daskarar da komai ba. Aikinsa kamar na ashana ne: ya tada falaket, ya tada fakta V da VIII da XI. Su kuma falaket ɗin da suka tashi sai su juyo da wani nau'in kitse mai suna fosfatidilserin zuwa bayansu, kalsiyam ya zama gada tsakanin wannan kitse da faktocin. A kan wannan fili ne IX da VIII suke haɗuwa, X da V suke haɗuwa, tirombin ya fito da yawa ƙwarai. Shi ne yake yanka fibirinojin, wanda ke cikin jini giram 2 zuwa 4 a lita, ya mai da shi zaren fibirin, fakta XIII ta ɗaure zaren da juna. Kamar yadda magini ke cuɗa laka da ciyawa don kada bango ya tsage, haka fibirin yake riƙe tarin falaket.

Abin lura a nan shi ne wurin da aikin ke faruwa. Faktocin suna yawo a cikin jini kullum, amma ba sa aiki da ƙarfi sai sun sami wannan fili na bayan falaket, shi ya sa gudan jini yake tsayawa a bakin rauni.

Wannan fahimta ce take warware wani abin mamaki. Mutumin da ba shi da fakta XII, gwajinsa na TCA, wanda ke auna lokacin da jini yake ɗauka kafin ya daskare a kwalba, yana tsawo sosai, amma ba ya zubar da jini ko an yi masa tiyata. John Hageman, ma'aikacin jirgin ƙasa da aka fara gano matsalar a jikinsa a 1955, gudan jini ne ma ya toshe masa huhu ya mutu a 1968. Fakta XII tana da muhimmanci a kwalba saboda gilashi ne yake tada ta. Shi kuwa yaron da ba shi da fakta VIII, wato mai emofili, TP ɗinsa, ɗayan gwajin lokacin daskarewa, lafiya lau, falaket ɗinsa cif, amma ashanar tana kamawa wutar ba ta ruruwa. Ciwon yana samun kusan namiji 1 cikin 5,000, kuma ta wajen uwa yake biyowa. Saboda haka kafin kaciya, tambayar da ta fi kowane gwaji sauƙi ita ce: a cikin kawunnan yaron, ƴan'uwan uwarsa maza, akwai wanda jini ya ƙi tsaya masa bayan kaciya ko cire haƙori? Gwiwarsa tana kumbura ba tare da wani babban bugu ba?

Jiki kuma yana da birki, har kala uku ko huɗu. Antitirombin tana kashe tirombin da fakta X da suka kauce daga bakin rauni, kuma eparin, allurar tsinka jini, ba abin da take yi illa hanzarta wannan aiki wajen sau 1,000. Wanda ya fi burge ni shi ne tirombin kansa. Idan ya gangara zuwa inda jijiya take lafiya, sai wani furotin mai suna tirombomodulin ya kama shi, daga nan ya sauya aiki: ya daina yanka fibirinojin, ya koma tada furotin C, wanda tare da furotin S yake lalata fakta V da VIII. A ƙarshe filasmin ya zo ya narkar da fibirin bayan rauni ya fara warkewa, gutsuttsuran da ya bari su ne D-dimer da ake aunawa.

Fakta II (wadda ke zama tirombin), VII, IX da X duk a hanta ake ƙera su, kuma sai da bitamin K suke samun hannun kama kalsiyam. Furotin C da S ma haka. A nan ne maganin tsinka jini na sha, irin su Sintrom da warfarin, yake da tarko. Maganin ba ya taɓa faktocin da suka riga suka shiga jini, sababbi kawai yake hanawa su cika. Rabin fakta VII yana ƙarewa cikin awa 6 ko makamancin haka, furotin C ma kusan haka, amma fakta II tana ɗaukar kusan kwana 3. Ke nan a kwanakin farko birki ya riga ya mutu, injin yana nan da ƙarfinsa, ga INR, lambar da ake auna aikin maganin da ita, ta fara hawa tana yaudarar mai karanta takarda. Dalilin da ya sa ake haɗa shi da eparin aƙalla kwana 5 ke nan, har INR ta zauna tsakanin 2 da 3. Rifamfisin na maganin tarin fuka yana rage ƙarfin maganin, metronidazol yana ƙara shi. Ganye kuma, zogale da alayyafo da sauransu, yana da bitamin K. Ba a hana majinyaci cin kwaɗonsa, abin da ake roƙonsa shi ne kada ya ci da yawa wannan sati ya bari gaba ɗaya sati mai zuwa.

Jariri ana haihuwarsa da bitamin K kaɗan, nonon uwa ma ba shi da yawa. Allurar miligiram 1 a cinya ranar haihuwa ita ce kariya. A wurin da wanzami yake zuwa cikin satin farko don aski ko cire beli, wannan allura ba abin wasa ba ce, kuma idan an haihu a gida ya kamata a kai jaririn a yi masa.

Darasin da ya fi amfani a karkara shi ne faktocin daskarewa suna ƙarewa kamar hatsi a rumbu. Dafin kububuwa yana tada fakta II kai tsaye, ba ya jiran rauni, ba ya jiran falaket. Jini ya riƙa daskarewa ƙanana-ƙanana a ko'ina har fibirinojin ya ƙare, sai a ga manomi da dasashinsa yana zubar da jini, tsohon miki ya buɗe. Gwajinsa ba ya bukatar wuta ko na'ura: a zuba jinin jijiya mililita 2 a kwalbar gilashi sabuwa, busasshiya, a ajiye ta ba motsi minti 20, sannan a karkata ta sau ɗaya. Idan jinin ya zubo kamar ruwa, dafi ya shiga, a ba da maganin dafi. Kwalbar roba ba ta yi, haka wadda aka wanke da omo, domin gilashi mai tsabta ne yake tada fakta XII, a nan kam ita ce muke bukata. Bayan an ba da magani a jira awa 6 kafin a maimaita, lokacin da hanta take bukata ta cika rumbun ke nan.

Mai jego da jini ya ɓalle mata ita ma haka ne. Mai ciki fibirinojin ɗinta yana hawa zuwa giram 4 zuwa 6 a lita, saboda haka idan aka ga 2 a takardarta ba lafiya ba ce, ta riga ta yi asara mai yawa. Asid taranekzamik yana hana filasmin narkar da gudan da aka samu. Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar giram 1 ta jijiya cikin minti 10, a cikin awa 3 da haihuwa, a ƙara wani idan jini bai tsaya ba bayan minti 30. A kuma lulluɓe ta, domin sanyin jiki yana rage ƙarfin faktocin, kuma jinin leda yana ɗauke da sitrat mai kama kalsiyam.

Wannan sitrat ɗin shi ne a cikin kwalba mai shuɗin murfi, kashi 3.2 cikin 100, an auna shi don jini kashi 9, sitrat kashi 1. Idan jijiya ta yi wuya aka cika kwalbar rabi, sitrat ya yi yawa, ya cinye kalsiyam ɗin da ake ƙarawa wajen gwaji, TP da TCA su fito da tsawo ga mutumin da lafiyarsa ƙalau. Irin wannan kwalba mayar da ita ake yi, ko da ɗan'uwan majinyaci yana tsaye a bakin taga yana roƙo. Robar ɗaure hannu kada ta wuce minti 1. A cika shuɗiyar kafin mai koren murfi da mai shunayya, don kada eparin ko EDTA, magungunan hana daskarewa da ke cikinsu, su taɓa ta. A juya ta a hankali sau 3 ko 4, ba a girgizawa.

Sai zafi. Ana son jinin ya zauna tsakanin digiri 18 da 25, ga shi a watan Afrilu da Mayu Tahoua tana wuce 40. Fakta V da VIII ba sa jure zafi. Sanya kwalbar a kan ƙanƙara ma ba mafita ba ce, domin sanyi yana tada fakta VII, TP ya gajarta. TCA dole a yi shi cikin awa 4. Jinin da aka ɗebo da safe a Keita ko Bouza, ya biyo mota ya iso da la'asar, ba za a dogara da TCA ɗinsa ba. Idan tafiyar ba makawa ce, a juya jinin a na'ura minti 15 tun a can, a ware ruwansa, a daskarar da shi, a kawo shi a daskare, kuma a rubuta ƙarfe nawa aka ɗebi jinin a jikin kwalbar kanta.