Godiya ga Waɗanda Suka Halarci Zaman Tuna Baya na Filin Rwang Pam

Assalamu alaikum. A madadin kwamitin da ya shirya zaman tuna baya na tsofaffin magoya bayan ƙwallon ƙafa a nan Jos, muna miƙa godiya ga iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu da suka amsa gayyata, daga Gangare, Dilimi, Unguwar Rogo, Bukuru da sauran wurare. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci.

Godiya ta farko ta dattawan da suka yi aikin gyaran fili ce, domin su ne ba a cika tunawa da su ba. Sun nuna wa matasa yadda ake zana fili kafin zuwan injin fenti. Turaku da igiya ne kayan aikin. Don kusurwa ta fita daidai, sai a auna yadi 3 a gefe guda, yadi 4 a ɗaya gefen. In tsakanin bakunan biyu ya ba da yadi 5, to ta miƙe. In aka yi sakaci a nan, duk filin zai karkace, kuma ba a ganewa sai an zo zana gidan mai tsaron raga. Daga layin raga ake auna yadi 6 na ƙaramin gidan gola, sai yadi 12 wurin bugun fanareti, sai yadi 18 na babban gidan. Da'irar tsakiya kuwa igiya ce mai yadi 10 a ɗaure a turke, mutum ya zagaya da ita. Farar ƙasa ana dama ta kamar koko: in ta yi ruwa ta bi ƙasa ta ɓace, in ta yi kauri ta dunƙule. Da damina sai a jira safiyar wasa, saboda ruwan Jos, wani lokaci har da ƙanƙara, yana iya wanke aikin yini guda cikin 'yan mintoci. Da hunturu kuma ciyawa ta bushe, bakin raga ya zama fako, gola ya tashi da gwiwa a goge.

Tsofaffin 'yan wasa ma mun gode musu da bayanin ƙwallon fata. Nauyinta a ƙa'ida bai wuce giram 453 ba a farkon wasa, amma da ta sha ruwa sai ta ƙara, shi ya sa buga ta da kai a damina yake buƙatar jarumta.

Muna kuma godiya ga dattawan da suka warware musun da ya tashi kan shekarar 1972. A shekarar ce Mighty Jets, ƙungiyar Jos da Alhaji Isyaku Ibrahim ya kafa, ta ci gasar lig ta ƙasa ta farko. Amma wasan ƙarshe na kofin ƙalubale da Bendel Insurance ba a Jos aka buga shi ba: a Legas aka tashi 2-2, aka sake a Ibadan, Bendel ta yi nasara da 3-2. Yawancin mutanen gari a rediyo suka saurara, don haka wani hoto da aka kawo zaman, wanda aka rubuta wa "wasan ƙarshe a Jos" yana buƙatar gyara. Haka nan Plateau United da sunan JIB aka fara saninta. Ta ɗauki kofin ƙalubale a 1999, ta ci lig a 2017. Shi kansa filin sunan tsohon Gbong Gwom Jos, wato sarkin Jos, Rwang Pam yake ɗauke da shi, ko da yake manya har gobe Township suke cewa.

Sai waɗanda suka fito da hotuna, tikiti da yankan jarida daga ƙasan akwati. Wannan amana ce babba, kuma da yawa sun iso a lalace, abin da ya sosa mana rai. Muna roƙo: kada a yi wa tsohon hoto laminatin, domin zafin injin yana manne shi da robar, ba ya sake fita. Kada a rubuta bayani da biro, tawadar na hudowa ta gaba. A yi da fensir, a gefen bayan hoton, a sa shekara, ƙungiyoyin da suka kara da sunayen waɗanda aka gane. Hotunan da danshi ya haɗe kada a ɓamɓare su da ƙarfi. A raba leda da su, a sa farar takarda tsakanin kowane biyu, a ajiye nesa da bango saboda gara. Mai ɗauka da waya ya shimfiɗa hoton a inuwa da rana, ya kashe fitilar wayar.

An yi addu'a ga waɗanda suka riga mu, irin su tsofaffin 'yan wasan Mighty Jets, Sam Garba da Isma'ila Mabo. Allah ya kyautata namu zuwan. Duk wanda ya bar kayansa a hannun kwamiti zai karɓa da zarar an gama ɗaukar hotonsu, ya zo da takardar shaidar da aka ba shi ranar zaman.

Kwamitin shirya zaman, Jos