Abin da mushen tsuntsun teku ya koya mini

A ajinmu na nazarin cututtukan dabbobi, da zarar an ce tsuntsaye sun mutu da yawa, murar tsuntsaye kowa yake fara kawowa. Ba abin mamaki ba ne. A jihar Kaduna cutar ta fara ɓulla a nahiyar Afirka a 2006, kuma masu kiwo ba su manta da kajin da aka binne ba. Sai malaminmu ya ba mu annoba biyu mu yi nazari, da sharaɗin kada wanda ya ambaci dalili kafin ya karanta abin da aka gani a cikin mushen.

Ta farko a Senegal ce, a gandun tsuntsaye na Djoudj, inda aka tsinci kwasa-kwasa kusan 750 matattu a Janairun 2021, yawancinsu ƙanana. Gwaji ya tabbatar da H5N1, wato wani nau'in murar tsuntsaye. Wannan ba ta ba mu wuya ba.

Ta biyun ce ta tsaya mini a rai. Tsakanin 2015 da 2016 igiyar ruwa ta watso mushen wani tsuntsu mai nutso da ake kira murre, kimanin 62,000, a gaɓar tekun Amurka daga Kalifoniya har Alaska. Babu malalar mai, kuma gwaji bai nuna wata cuta ce ta kashe su ba. Da aka feɗe su, ciki wayam, kitse ya ƙare, ƙashin ƙirji ya fito fili. Yunwa ce. Ruwan tekun ya yi ɗumi fiye da ƙima tun daga 2014, ƙananan kifayen da tsuntsun ke ci suka ragu, suka kuma rame. Manyan kifaye kuwa, da yake ɗumin ruwa yana ƙara musu ci, sai suka cinye ɗan abin da ya saura. Shi kuma murre sai ya ci kusan rabin nauyinsa kullum, don haka 'yan kwanaki ba abinci sun isa su kayar da shi.

Tun daga nan, idan mushe ya zo hannuna, ƙirji nake fara taɓawa in ji ko da tsoka, sannan in duba ƙundu. Amma safar hannu da takunkumi ba na ajiye su, domin tsuntsun da ya rame ma yana iya ɗauke da cuta.

Na kuma koyi tsoron alƙaluma. Abin da ake ƙirgawa a gaɓa kaɗan ne, yawanci a ruwa suke nutsewa ba wanda ya gani. Da farko an ƙiyasta murre miliyan 1 ne suka mutu. Da aka koma ƙirga tsuntsaye a duwatsun da suke yin ƙwai, binciken da ya fito a 2024 ya kai adadin wajen miliyan 4, kusan rabin na Alaska duka, kuma har lokacin ba su farfaɗo ba.