Na Je Yamai Sayen Azurfa, Na Dawo Da Ƙodago

Da asuba motarmu ta bar Tawa, kuɗin sarƙar auren ƙanwata na ƙulle a bakin zanena. Tsarnawa, Birnin Ƙwanni, Dogon Dutsi, Doso: sama da kilomita 500, rabinsu a gyangyaɗi na yi su.

Washegari na nufi gidan tarihi na Bubu Hama, wanda aka kafa a 1959. Ko kejin zakuna ban leƙa ba, na zarce rumfunan masu sana'ar hannu. A can na tarar da wani dattijon maƙeri, Buzu, ya baje azurfa a kan baƙin ƙyalle. Ga sarƙar Agadas, ga ta Tawa, daga cikin sarƙoƙin Buzaye iri 21 ɗin nan da kowacce ke ɗauke da sunan garinta. Su na zo saya. Amma wasu 'yan kunne farare a gefe suka tsone mini ido.

"Baba, hauren giwa ne wannan?"

Ya yi dariya. "Ɗiyata, so kike a ɗaure ni? Goriba ce."

Goriba! Wadda muke gwagwiya muna yara, mu jefar da ƙodagon a bola. Ashe in aka fasa shi, ƙwayar ciki idan ta bushe sosai tauri take kamar ƙashi, ta gogu ta yi sheƙi. Har maɓallan riga an yi da ita a Eritiriya zamanin Turawan Italiya. Ya ce ɗansa ne ya kawo dabarar, shi kuwa da fari ya ɗauke ta wasan yara. Na farkon da suka yi duk sun tsage, don ba su bari ta gama bushewa ba.

Sai ya ciro abin da ya fi burge ni: abin wuya mai siffar 'ya'yan bagaruwa, wadda majema ke jima da ita. Ban taɓa lura ba cewa kwanson bagaruwa a jere yake kamar carbi. Da kakin zuma suke ƙera siffar, su lulluɓe da yumɓu, su gasa har kakin ya narke ya tsiyaye, sannan su zuba narkakkiyar azurfa a gurbinsa. Sai an fasa yumɓun ake ganin abin da ya fito, don haka babu biyu da suke zama iri ɗaya. Azurfar ma, in ji shi, ta tsoffin awarwaro ce da mata ke kawo masa.

Akwai kuma zobba na ƙahon sa, amma gaskiya ba su yi mini ba, sun yi kauri.

Muka yi ciniki har shayinsa ya huce. Na ɗauki bagaruwar da 'yan kunnen, sarƙar Tawa na bar ta a kan ƙyallen.

Da na kwance ƙunshin a gida, Inna ta juya 'yan kunnen a tafin hannunta, ta dube ni.

"Yanzu duk goribar da ke kasuwar Tawa, sai kin je Yamai?"

Amarya dai ba ta ce uffan ba, tana gaban madubi.